Cunkoson Kaya a Kasuwar Jiki

Jinin da ke zagaya jikin babban mutum kamar lita biyar ne, abin da zai cika galan ɗin man gyaɗa ya ɗan yi saura. Sukarin da ke narke a cikinsa kuwa, in mutum lafiyayye ne kuma bai karya kumallo ba, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ne. Ɗaya tak. Ba wa mai shayi tukunya mai cin lita biyar ka ce ya zuba cokali guda, ba mai kurɓa ya ce ya ji zaƙi. Amma da wannan ɗan cokalin ƙwaƙwalwa take aiki dare da rana. In ya ragu ya koma rabi, sai jiki ya ɗauki ɓari, gumi ya karyo, harshe ya fara sarƙewa. In kuwa ya kai cokali ɗaya da rabi ya yi zamansa a can, wata ya bi wata, shi ne abin da likita ke rubuta wa mutum a kati ya ce masa yana da ciwon suga.

Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da cokali takwas zuwa goma, babbar roba ma ta fi haka. Malmala biyu ta tuwon shinkafa, in ciki ya gama narka su, sun ninka wannan. Domin shinkafa da masara da gero da rogo duk sitaci ne, shi kuwa sitaci sukari ne da aka tufka kamar igiya, yawu da ruwan hanji ke warware shi. Tauna gurasa ka daɗe ba ka haɗiye ba, za ka ji ta fara zaƙi a baki. Ke nan sau uku a rana ana juye wa tukunyar da ba ta son fiye da cokali ɗaya abin da ya kai cokali ashirin ko talatin. Ina suke shiga?

Duk wanda ya taɓa leƙa kasuwar Dawanau da kaka ya ga amsar da idonsa. Motoci ne ke shigowa a jere, maƙare da buhunan gero da dawa da wake. Titin kasuwa ba wurin ajiya ba ne, hanyar wucewa ce. Abin da ke hana shi toshewa 'yan dako ne: mota na tsayawa sun yi mata caa, wannan ya saɓa buhu, wancan ya ƙwanƙwasa ƙofar shago, kafin la'asar titi ya koma fayau. Jini shi ne titin, sukari shi ne buhunan. Shagunan su ne hanta da tsokar jiki, sai kitse, babban siton da ake kai rara. 'Yan dakon kuwa wani sinadari ne da ake kira insulin. Wata 'yar halitta mai siffar harshe, tana nan kwance a bayan tumbi, ita ke sako shi duk sa'ad da aka ci abinci. Likitoci na ce mata fankiriyas, mu ɗauke ta rumfar sarkin 'yan dako.

Ciwon suga manyansa iri biyu ne. Akwai wanda rumfar ce ta rushe gaba ɗaya, ba ɗan dako ko guda. Ya fi kama yara da matasa, ba ƙiba ke kawo shi ba, ba kuma sakacin uwa ba ne. Ba shi da dabara sai allurar insulin kullum. Kafin Frederick Banting da Charles Best su tato sinadarin a birnin Toronto na Kanada a 1921, yaron da ya kamu da wannan ba ya daɗewa a duniya. A farkon 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar, ya farfaɗo. Mai irin wannan kada kowa ya ruɗe shi cewa zogale ko tafiyar ƙafa za su tsaya masa a madadin allura.

Na biyun, wanda tara cikin kowane goma na masu ciwon suke da shi, shi ne zancenmu. Nan 'yan dako suna nan, masu shaguna ne suka fara taurin kunne. Kitse ya tare a inda ba muhallinsa ba, cikin hanta, cikin tsoka, kewayen hanji, kamar shagon da aka cika da tarkacen da ba na sayarwa ba. Ɗan dako ya zo da buhu a kai ya yi ta bugun ƙofa, sai da ƙyar a buɗe masa tsagi. Sarkin 'yan dako ya ga titi na cika, ya turo mutum biyu a aikin mutum ɗaya, daga baya ya turo huɗu. A haka ake kwashe shekaru mutum bai san komai ba, yana zuwa kasuwarsa, yana cin tuwonsa, domin ana kwashe kayan ko da da wahala. Ranar da rumfar ta gaji, 'yan dakon suka fara raguwa alhali motoci ba su rage shigowa ba, ranar ce buhuna ke fara kwana a titi. Abin haushi kuma, hanta da aka ɗora wa aikin sako ɗan abin da ta adana da dare don kada titi ya bushe, ita ma sai ta daina jin umarni, ta yi ta fito da kaya. Shi ya sa wani zai kwanta bai ci abin kirki ba, ya auna da asuba ya ga sukari a sama.

Daga nan sai ƙoda ta shiga aikin da ba nata ba. Ita rariya ce, aikinta tace datti ta mayar da mai kyau. In sukari ya wuce kamar 180 a na'urar awon suga, rariyar ba ta iya riƙe shi, sai ya bi fitsari, kuma ba ya tafiya shi kaɗai, yana jan ruwa kamar yadda gishiri ke jan ruwan yankakkiyar albasa. Ga tashi fitsari sau huɗu kafin asuba, ga ƙishirwar da randa ba ta kashewa, ga tururuwa na taruwa inda aka tsuguna. Titin ma yana ji a jikinsa. Manyan motoci in suka mayar da kwalta wurin kwana, ƙananan lunguna ke fara lalacewa, su ne siraran hanyoyin jinin da ke bayan ido, da na ƙoda, da masu ciyar da jijiyoyin ƙafa. Manyan hanyoyi na zuciya da ƙwaƙwalwa su biyo baya, musamman in hawan jini ya haɗu da shi.

Mai hankali in ya ga kasuwa ta cushe abu biyu zai yi: ya tsara shigowar motoci, ya kuma samar da inda za a sauke. Na farko abinci ne, na biyu motsa jiki.

A wajen abinci, murhu ya fi kowa iya bayani. Cusa karmami a wuta, bal ɗaya zai yi, harshen ya lashi gindin tukunya ya mutu, ka koma neman wani. Sa itacen ƙirya ko gawayi mai kyau, a hankali zai yi ta ci har tuwo ya nuna, garwashin ma ya ɗumama ruwan alwala. Farin burodi, taliyar leda, garin kwaki da sukari, tuwon farar shinkafa mai laushi, waina da zuma, waɗannan karmami ne: cikin rabin sa'a sun zama sukari sun afka jini, bayan sa'a biyu kuma yunwa ta dawo. Wake, alale, ƙwai, kifi, awara, gyaɗa, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, waɗannan gawayi ne. Abin sha mai zaƙi kuwa kananzir ne, ba ya jiran tauna, ba ya jiran komai. Lemon kwalba, zoɓo da kunun zaƙi da aka danƙara wa sukari, fura da aka dama da cokali uku, shayin da aka tsiyaya wa madarar gwangwani mai kauri, duk ba sa ƙosar da ciki amma suna cika titi. In abu ɗaya kawai mutum zai iya bari a wannan watan, to ya bar shan zaƙi. Ni a ganina nan ne riba ta fi yawa a kan ƙaramin ƙoƙari.

Abin da ke mayar da hatsi karmami shi ne yawan aikin da aka yi masa kafin ya iso baki. A surfe, a wanke, a kai inji ya niƙa liƙis, a tankaɗe da rariya mai laushi, a tuƙa har ya yi sulɓi. Duk aikin da haƙori da tumbi za su yi cikin sa'o'i an riga an yi musu. Dusar da ake bakacewa a zuba wa akuya, ita ce birkin da ke rage gudun sukari a hanji. Don haka dawa ko geron da ba a surfe shi ƙal ba, da dambun da aka cika wa zogale, da faten da ganye ya fi tsaki yawa, sun fi tuwon da ke sheƙi kamar auduga. Shinkafa ma in aka dafa ta da wake rabi da rabi, ta rage zafin gudu.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare. Da zarar an ce Baba yana da suga, sai gida ya ruɗe a shiga neman alkama da acca, a ware masa tukunya, kuɗin cefane ya ninka. Shi kuma tunda an ce masa wannan abincin masu ciwo ne, sai ya zauna ya tashi da malmala uku hankali kwance. Alkama sitaci ce, acca ma sitaci ce. Buhu buhu ne, ko me aka rubuta a jikinsa sai ɗan dako ya ɗauka. Malmala ɗaya ta tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa mai yawa ta fi uku na alkama sauƙi ga jiki, ta kuma fi sauƙi ga aljihu. Haka zancen zuma da dabino da rake. Abubuwa ne masu albarka, ba mai musu, amma zuma kusan kashi huɗu cikin biyar nata sukari ne, busasshen dabino kuma ya haura rabi. Ƙwara ɗaya ko biyu a buɗa-baki daban, cin cikin tafin hannu daban. 'Ya'yan itace kuma a ci su da haƙori: lemon zaƙi guda da totuwarsa ya fi kofin da aka matse huɗu a ciki.

Ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa faranti ne. Raba shi biyu, rabi ganye da kayan lambu: alayyafo, kabeji, yalo, kuɓewa, zogale, latas. Ɗaya rabin a sake raba shi, gefe wake ko kifi ko nama ko ƙwai, gefe tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannun mai ci. Mun saba tuwo ne maigida miya 'yar rakiya, to a sauya musu kujera. Kuma a fara da ganyen da naman kafin a kai ga tuwon, domin suna tsayawa a ƙofa su sa motoci shiga ɗaya bayan ɗaya. Cin tire ɗaya da iyali abu ne mai daɗi da zumunci, sai dai hannu ba ya ƙirga loma, gara a zuba wa mai ciwon nasa a zauna tare a ci. Mai kuma, manja ne ko na gyaɗa, ba ya ɗaga sukari nan take, amma shi ne ke cika shaguna da tarkace. Miyar da mai ke iyo a kanta da soye-soyen safe da yamma suna ƙara ƙiba shiru. A rage gishiri da dunƙule ma, saboda hawan jini abokin tafiyar suga ne.

Sai maganar ɗaci. Mutane da yawa sun ɗauka tunda ciwon na zaƙi ne, to ɗaci ne makarinsa, sai a yi ta ɗirkar ruwan shuwaka da na darbejiya, ko a tsaya gaban mai lasifika a tasha yana rantsuwa jarka ɗaya ta raba ka da suga har abada. Ɗaci a harshe yake tsayawa, ba ya sauke buhu ko ɗaya. Shuwaka a miya ganye ce mai kyau, a ci. Amma jiƙon da ba a san me ke cikinsa ba, ba a san adadinsa ba, ana ɗora shi a kan ƙodar da dama aiki ya yi mata yawa, wannan ganganci ne. Mafi muni shi ne wanda ya ajiye ƙwayar asibiti saboda shi.

Yanzu ɓangare na biyu, wanda na fi so mutane su gane, domin kyauta ne. Kowane shago a kasuwar nan yana da ƙofar baya. Tsoka in tana aiki, da kanta take buɗe wannan ƙofa ta jawo sukari daga jini, ba ta jiran ɗan dako ya ƙwanƙwasa. Shagunan da suka fi girma kuma su ne cinyoyi da ɗuwawu da sha-raɓa, mafi yawan sukarin da aka ci can yake sauka. Wato duk takun da ka yi kwasar kaya ne daga titi. Bayan an huta ma, ƙofar gaba takan yi saurin buɗuwa har kwana ɗaya ko biyu, sannan taurin kunnen ya dawo. Shi ya sa abin yake kamar ban-ruwan lambu. Ba a tara ruwan mako a kwarara wa tumatir ranar Asabar a ce an gama, kaɗan-kaɗan ake ba shi kusan kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa minti 150 a mako, wato rabin sa'a sau biyar, kuma likitocin suga suna ƙarawa da cewa kada a jera fiye da kwana biyu ba a motsa ba. Saurin da ake so shi ne na wanda ya ji an tayar da iƙama yana nesa da masallaci: yana iya amsa gaisuwa, amma ba zai iya rera waƙa ba.

Lokacin da ya fi tsada shi ne bayan cin abinci, sa'ad da motoci ke kan shigowa. Minti goma ko sha biyar na tafiya bayan tuwon dare yana rage tsayin tudun da sukari zai hau. Mu kuwa al'adarmu a ci a kishingiɗa. Kakanninmu sun ci tuwon da ya fi namu girma, amma dubi yininsu: daka, surfe, niƙa a dutse, jan guga a rijiya mai gaba ashirin, noma, faskare, zuwa cin kasuwar ƙauyen gaba da ƙafa. Shagunansu kullum a buɗe suke, kaya na shiga suna fita. Yau injin niƙa ya karɓi turmi, famfo ya karɓi guga, acaɓa da adaidaita-sahu sun karɓi ƙafa, malmala dai tana nan yadda take. Ba cewa nake a koma wahala ba, amma abin da inji ya ɗauke sai an biya shi ta wata hanya. Sauka daga mota tun da sauran tafiya. Je masallacin da ya fi nisa da layi biyu. Mai zaman shago ko ofis ya miƙe duk bayan rabin sa'a ya ɗan zaga. Uwargida da ba ta fita, tsakar gida ya ishe ta: zagaye da sauri, shara, tashi da zama daga kujera sau goma a huta a sake, ɗaga galan ɗin ruwa da hannu biyu. Irin wannan aikin ƙarfi sau biyu ko uku a mako yana ƙara wa tsoka girma, wato ƙarin shago ke nan aka gina. Da zafin bazara kuma a zaɓi bayan asuba ko gab da magariba, a riƙe ruwa.

Kada a ce wannan zancen fatar baki ne. A Amurka an gwada shi a kan mutum sama da 3,000 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, sakamakon ya fito a 2002. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 31 cikin ɗari. Waɗanda aka sa su gyara ci, su yi tafiyar minti 150 a mako, su nemi sauke kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, nasu ya ragu da kashi 58. Kashi bakwai ɗin nan ga mai kilo 90 kilo shida ne da ɗoriya. Jakin da aka lafta wa mangala yana nishi a hawan tudu, ba sai an sauke kayan duka ba, cire bulo uku ko huɗu ka ga yadda tafiyarsa za ta sake. Jiki ma haka yake, kuma kitsen da ke fara narkewa shi ne na cikin hanta, wato daidai tarkacen da ya tare ƙofa.

A Birtaniya ma Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da Mike Lean na Jami'ar Glasgow sun jagoranci wani gwaji da aka wallafa a 2017, a kan masu ƙiba da ciwon bai wuce shekara shida da kama su ba. An sa su a tsarin rage ci mai tsanani na 'yan watanni, a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Bayan shekara guda kusan rabinsu sukarinsu ya sauko ƙasa da ma'aunin ciwo ba tare da ƙwaya ba, cikin waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye kuwa, 86 cikin ɗari. Da aka cika shekara biyu adadin ya koma wajen kashi 36, domin wanda nauyi ya dawo masa ciwon ma ya dawo. Lafawa ce, irin ta wutar da aka rufe da toka, ba a cewa ta mutu. Kuma ba abin da mutum zai ƙulle ɗaki ya yi wa kansa ba ne, balle in yana shan magani.

Wanda ba shi da sikeli, igiya ta ishe shi. Auna tsawonka daga kai zuwa diddige, ninka igiyar biyu, ka zagaya cikinka da ita wajen cibiya. In bakin biyu ba su haɗu ba, tumbin ya wuce rabin tsayi, aiki ya same ka. Na san wannan yana karo da yadda muka taso. A wurinmu tumbi alamar hutu ne, matar da ta yi ɓul-ɓul a ce mijinta ya iya kiwo, wanda ya rame kuma a bi shi da tambayar ko lafiya. Har 'yan mata na sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su ciko kafin biki, alhali a cikinsu akwai irin su dezametason, maganin da shi kansa yake ɗaga sukari ya kuma tara kitse a ciki. Iyaye mata su sa ido a kan wannan. A ɗaya gefen kuma, a ƙasashenmu akwai masu ciwon suga da yawa da ba su da ƙiba ko kaɗan. Siriri ba a ce masa ya rage nauyi, nasa shi ne gyara irin abincin da gina tsoka. Wanda kuma ya ga yana zubewa haka kawai alhali yana ci, kada ya yi murna, abincinsa ne ke bin fitsari, asibiti zai nufa.

Awo kuwa iri biyu ne. Na'urar da ake tsaga yatsa kamar leƙa kasuwa ce sau ɗaya, abin da ke titi a wannan minti shi za ka gani. Da safe kafin a karya, ƙasa da 100 lafiya lau, 100 zuwa 125 gargaɗi, 126 zuwa sama in ya maimaitu ciwo ne. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke ƙirga, a wurinsu 126 shi ne 7. Tsinken awo yana da tsada, don haka a kashe shi inda zai koyar da wani abu: auna kafin cin wani abinci, ka sake bayan sa'a biyu, gobe ka ci irinsa ka yi tafiya ka sake aunawa. Cikin 'yan makonni za ka san wane kwano ne naka, wane ne ba naka ba. Na biyun shi ne wanda ake rubutawa HbA1c, shi littafin mai shago ne, yana faɗin yadda kasuwa ta ci cikin wata biyu zuwa uku, domin sukari na manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma sukan yi wata huɗu a raye. Ba a yi masa wayon ƙin cin abincin dare ana gobe ganin likita. Sai dai mai sikila, ko mai ƙarancin jini, ya faɗa wa likita, don awon yakan karkace a wurinsu, kuma sikila ba baƙuwa ba ce a gidajenmu.

Titi yana iya bushewa fiye da kima, wannan kuma ya fi gaggawa. Mai allurar insulin, ko mai shan irin su gilibenkilamid, in ya sha magani bai ci ba, ko ya yi aikin ƙarfi fiye da yadda ya saba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70. Rawar hannu, gumi, bugun ƙirji, duhun gani. Nan sukarin da ake gudu shi ne magani: cokali uku a ruwa ko rabin kwalbar lemo, a jira minti sha biyar a sake aunawa, sannan a ci abinci. Kada a fita tafiya ba alewa a aljihu, kuma iyali su san alamun. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi. Azumin Ramadan ma a je wa likita tun Sha'aban a gyara lokutan magani, a jinkirta sahur, kada a mayar da buɗa-baki ramuwar gayya da kunu da soye-soye. In awo ya nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, shawarar likitoci ita ce a karya, addini kuma ya yi wa mara lafiya rangwame.

Tunda ƙafa ce jarin wannan aiki, a kula da ita kamar yadda mai amalanke ke duba taya. Suga na kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙaya ko rairayi mai zafi bai sani ba, ƙaramin ciwo ya zama gyambo. Kullum da dare a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, a zazzage takalmi kafin a sa, a bar yawo ba takalmi ko a tsakar gida, a bar kankare kaushi da reza, a shafa mai a faso. Ciwon da ya kwana biyu bai kama hanyar warkewa ba, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Duk wannan ba ya kore ƙwaya. Metformin tana lallashin hanta ta rage fito da kaya, wasu magungunan suna ƙaro 'yan dako, abinci da tafiya kuma suna rage musu aiki. Tare suke tafiya, kuma likita ne kaɗai zai ce a rage ko a ƙara. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da shi a Afirka kudu da Sahara, fiye da rabinsu kuma ba su sani ba. In ka haura shekara arba'in, ko akwai mai shi a cikin iyayenka da 'yan'uwanka, ko igiyar nan ta ƙi haɗuwa, ko ke da kika taɓa haihuwar jariri mai kilo huɗu ko fiye, a daure a je asibiti mafi kusa da safe kafin a karya, a ba da yatsa a auna.